Ƙaramar jip mai fowil da kuɗi ƙalilan: RAV4, CR-V, ko a duba wata?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawarar masana. Ana son ƙaramar jip mai fowil, wato mai jan ƙafa huɗu, Beljiyam ko ta hannu, wadda za ta yi zirga-zirgar cikin Kano kullum, ta kuma riƙa shiga ƙauye wajen Rano da Tudun Wada har da damina. Hanyar burji ce da yashi, akwai wuraren da laka ke riƙe ƙananan motoci. Kuɗin ba zai wuce 'yan 2006 zuwa 2012 ba. Waɗanda dillalai suka kawo su ne RAV4 2008, CR-V 2009, Nissan Rogue 2010 da Tucson 2007. Wacce za a kama, kuma me za a duba kafin a biya?

Oga Makanike:
Wa alaikumus salam Baban Sadiq. Kafin a yi maganar wacce ta fi, a fara tabbatar da cewa fowil ɗin na nan. Duk huɗun nan ana yin su iri biyu, mai jan gaba kawai da mai jan ƙafa huɗu, kuma jikinsu ɗaya ne. Rubutun 4WD da ke bayan but ba hujja ba ce, a Ƙofar Ruwa ma ana sayar da shi. A hau da motar kan rami a leƙa ƙasa. Abu uku za ka gani in fowil ce: ƙaramin akwati manne da giya, farfela doguwa da ta taso daga wurinsa zuwa baya, da aksul na baya mai shaf biyu da suka tafi tayoyi.

Abin da ya fi yawa a motocin hannu shi ne ka tarar aksul na nan amma an kwance farfela. In boris ɗin tsakiyarta ko aksul ya fara kuka, sai a cire ta a jefa a but, motar ta ci gaba da tafiya da gaba kawai. Mai saye ya biya kuɗin fowil, ya tafi da mota mai jan ƙafa biyu.

Injiniya Zazzau:
Oga ya faɗi gaskiya. Zan ƙara da cewa a fahimci irin fowil ɗin da ake magana, don kada a ɗora wa motar abin da ba a yi ta dominsa ba. Waɗannan ba Hilux ko Prado ba ne. A tafiyar yau da kullum tayoyin gaba ne ke jan su, sai sun fara sulɓi sannan a tura wani kaso na ƙarfi baya. Ba su da giyar ƙarfi ta 4L.

A RAV4 ta 2006 zuwa 2012 akwai kuloc mai aiki da lantarki a gaban aksul na baya, da maɓallin kulle a gefen sitiyari. In ka danna shi kafin ka shiga yashi, baya na ja tun daga tashi, kuma yana sakin kansa da zarar gudu ya haura kilomita 40 a awa. CR-V ta 2007 zuwa 2011 ba ta da maɓalli ko ɗaya. Famfo biyu ne na mai a cikin aksul, sai gaba ta juya fiye da baya sannan matsin mai ya kama kuloc. Ma'ana sai ta riga ta fara tona rami kafin baya ya kawo ɗauki. A laka mai santsi wannan ba wani abu ba ne, amma a yashi mai zurfi jinkirin nan na iya sa ta zauna. Don hanyar da aka kwatanta, RAV4 ta fi dacewa.

Alhaji na Kwanar Dillalai:
Injiniya, ni ina da ja kan tushen maganar. Mutum mai ƙaramin kuɗi da zai yi kashi tara cikin goma na tafiyarsa a kan kwalta, shin fowil yake buƙata ko tsayin ƙasa? RAV4 mai jan gaba tsayinta ɗaya da mai fowil, wajen milimita 190. Ta fi sauƙin kuɗi, ta fi sauƙin shan mai, babu farfela, babu aksul na baya, babu ƙaramin akwati da zai yi yoyo. Bambancin kuɗin a sa mata tayoyi huɗu sababbi masu haƙori. Golf da Sharon ne ke jigilar ƙauyukan nan shekara da shekaru, kuma ba fowil gare su ba.

Injiniya Zazzau:
Alhaji, Golf na shiga, amma da fasinja biyar masu turi. Maganarka na kan hanya ga wanda burji kawai zai bi. Wanda zai ratsa laka a watan Agusta shi kaɗai da iyali, fowil na da amfaninsa. Inda na yarda da kai ɗari bisa ɗari shi ne taya: fowil a kan suɗaɗɗun tayoyi bai kai mai jan gaba da tayoyi masu kyau ba.

Baban Sadiq:
Allah ya saka da alheri. Lakar dai gaskiya ce, don haka a bar mu a kan fowil. Oga, me ke damun RAV4 2008 ɗin? Kowa cewa yake Toyota ba ta da ciwo.

Oga Makanike:
Tana da shi, kuma wannan shekarar ce ma mai ciwon. RAV4 ta 2006, 2007 da 2008 mai silinda huɗu inji 2.4 gare ta, wanda ake kira 2AZ-FE, irin na Camry Muscle ta farko. An san shi da shan baƙin mai. Ringin da ke share mai a jikin fiston ne ke toshewa da dauɗa, mai ya riƙa haurawa yana ƙonewa tare da fetur. Kamfanin Toyota da kansa ya amince da matsalar a Amurka, ma'aunin da ya sa shi ne in inji ya sha kusan lita 1 a mil 1,200, wato kilomita 1,900 da 'yan kai, a canza masa fiston da ringi. Wasu an yi musu aikin a can, wasu ba a yi ba, kuma su ne ke zuwa mana da araha.

Abin haushin shi ne ba lallai ya yi hayaƙi ba, indomi, wato matatar da ke cikin salansa, na cinye hayaƙin har sai ita ma ta toshe. Ga yadda ake kamo shi. A kwance fulogi huɗun a duba, in bakinsu ya yi baƙi da maiƙo ko ya tara farin ɓawo mai kauri, yana shan mai. A zura yatsa a bakin salansa, baƙin toka busasshe ba komai, mai danƙo ne abin tsoro. A zaro sandar awon mai a murza a yatsa, in man ya yi kauri ƙwarai alhali murfin inji ya rubuta 5W-20, an zuba mai nauyi ne don ɓoye ciwo. Sannan a sa wani ya bi ku a baya, a sauko gangara ba a taka totur ba, a taka da ƙarfi a ƙasa. In shuɗin hayaƙi ya fita, magana ta ƙare.

Akwai kuma ciwo na biyu a tsofaffin injinan nan: zaren kusoshin da ke ɗaure kan inji yana zarewa daga jikin bulok, musamman na bayan inji. Alamarsa ruwan lagireto na raguwa, ka ga sawun ruwa a bayan inji ta wajen bango. Duk injin da ya taɓa yin zafi sosai, a yi masa wannan zargin.

Daga 2009 aka koma inji 2.5, 2AR-FE, kuma shi ne na kirki a gidan. In kuɗi zai iya miƙewa zuwa 2009 ko 2010, a bar 2008 a ƙara.

Ɗan Gwarzo:
Oga, RAV4 mai V6, wato silinda shida, fa? Sau da yawa ita ta fi araha a kasuwa.

Oga Makanike:
Tsoron fetur ne ya karya mata kuɗi tun da aka cire tallafi a 2023. Injin 3.5 ne, doki 269, giya biyar, kuma yana da ƙarko. A doguwar hanya shan mansa bai fi na 2.4 da wani abu mai yawa ba, a cunkoson gari da esi ne yake nuna hali. Abu biyu za a duba: famfon ruwa, wanda canza shi aiki ne saboda ƙuncin wuri, da wani bututun mai na VVT-i, na'urar juya tayimin, da ke da guntun roba a tsakiya a 'yan shekarun farko. Robar na fashewa ta zubar da man inji cikin mintuna. An fitar da na ƙarfe zalla, a tabbata shi ne a jiki, in ba shi ba a canza a ranar da aka saya.

Malam Rewaya Panteka:
Ni CR-V zan kare, domin ana yi mata rashin adalci a Arewa. Injin K24 na 2007 zuwa 2009 ba ya cikin masu shan mai irin na RAV4 2008, sarƙa gare shi ba bel ba, giyarta biyar ce alhali RAV4 mai silinda huɗu giya huɗu gare ta. Cikinta ya fi daɗin zama, kuma ƙofar but sama take buɗewa. Abin da ke kashe ta a hannunmu mai ne. Giyar Honda ba ta son kowane irin jan mai, DW-1 take sha. Aksul na baya kuma mansa daban ne, Dual Pump Fluid II, wajen lita 1.2. In aka zuba masa man giya mai kauri irin na aksul ɗin Hilux, famfunan ba za su yi aiki ba.

Gwajinsa: a sami fili, a karya sitiyari har ƙarshe, a yi zagaye a hankali hagu da dama. In ka ji gurnani ko karkarwa daga baya, man ya mutu. Sau da yawa canza shi sau biyu ko uku a jere, ana ɗan zagayawa tsakani, yana kashe kukan. In bai daina ba, kuloc ɗin ciki ya ƙone, a rage kuɗin aksul daga farashi.

Ƙananan cututtukanta su ne makullan ƙofa masu buɗe kansu, da kuloc ɗin kwamfiresan esi. A kunna esi a bar mota a tsaye minti goma sha biyar cikin rana, a ga ko sanyi zai ɗauke.

Injiniya Zazzau:
Malam, a ƙara da tsatsa. A 2023 Honda ta kira CR-V 'yan 2007 zuwa 2011 a jihohin Amurka masu zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, saboda shasin baya na ruɓewa daidai inda hannun tayar baya ke ɗaure. Motar da ta fito daga irin su New York, Ohio, Michigan ko Kanada, a ƙwanƙwasa wurin da guduma. Baƙin fenti sabo a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tambaya ne. Wannan ya shafi RAV4 ma, da duk wata Beljiyam.

Baban Sadiq:
To Rogue ɗin fa? Ita ce ta fi kyau a ido, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi da nisa.

Oga Makanike:
Araha ba ta ado, Baban Sadiq. Injinta 2.5 ba laifi, giyar ce matsala. CVT ce, bel na ƙarfe ne ke gudu tsakanin kwanuka biyu, ba haƙoran giya ba. Zafi ne makashinta. In man ya yi zafi, kwamfuta na rage ƙarfi, ka taka totur mota ta ƙi wuce wani gudu sai ka tsaya ta huce. Nissan da kanta ta tsawaita garantin wannan giya zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010 saboda yawan ƙorafi. Yanzu ka haɗa zafin watan Afrilu, da yashi inda taya ke juyawa mota ba ta tafiya, da lodi. Man NS-2 kaɗai take sha, masu buɗe ta su gyara kaɗan ne, mafi yawa sai dai a sayo wata giyar Beljiyam wadda ita ma ba a san kwananta ba. Don wannan hanya, a cire ta daga lissafi.

Tucson 2007 kuwa mota ce mai sauƙin kai, tana da maɓallin kulle fowil. Amma injinta, 2.0 ko 2.7, bel ne ke tafiyar da tayimin, ana canza shi duk mil 60,000, kusan kilomita 96,000. In ya tsinke fiston na dukan bawul. Wanda ya saye ta ya canza bel, tenshina da famfon ruwa nan take, kada ya saurari "an canza kwanan nan".

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa ga mutanen Najeriya. A wajenmu kat-kat ɗin Turai, wato masu fowil, sun fi yawa, don haka ga gargaɗi ga wanda za a kawo wa irinsu. RAV4 ta Turai da yawa mai gas ce, inji 2.2 D-4D ko D-CAT. Shan manta kaɗan ne, amma an san injin da ƙona gasket da shan baƙin mai, D-CAT kuma tana da matatar hayaƙi a salansa da ke toshewa in gas ba shi da tsabta ko tafiyar gajera ce kullum. Mai fetur 2.0 da giyar hannu ta fi kwanciyar hankali.

Kuma ban ji an ambaci Suzuki Grand Vitara ta 2006 zuwa sama ba. A cikin ƙananan nan ita ce ke da giyar ƙarfi ta gaske a wasu samfuran, maɓallinta na da 4H, 4H Lock da 4L Lock. A yashi babu wadda ke kama ƙafarta cikin waɗanda aka lissafa.

Alhaji na Kwanar Dillalai:
Gaskiya ne mutumin Maraɗi, amma a tambayi kayan gyara kafin a so mota. Shokazoba ko famfon ruwan RAV4 da CR-V za ka same su a Ƙofar Ruwa ko Panteka cikin awa ɗaya, sabo da Beljiyam. Na Vitara da Subaru Forester sau da yawa sai an aika Ladipo a Legas, mota na zaune kwana da kwanaki. Ranar sayarwa ma haka, RAV4 kuɗi ce a hannu, Vitara sai ka jira mai sonta.

Hajiya Maman Iman:
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da maganar takardu, domin mota mai lafiya da takardar bogi asara ce. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce. A duba ta a gindin gilashin gaba, da jikin ginshiƙin ƙofar direba, da takardar kwastan, su zo ɗaya harafi da harafi. A motocin Amurka, na goma a jere shi ke faɗin shekara: 6 shi ne 2006, 7, 8, 9 haka har 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Ana canza wa 2007 fitilu da bamba a kira ta 2010, wannan harafin ne ke tona asiri, kuma a RAV4 shi ne bambancin inji 2.4 da 2.5.

Da lambar a ciro tarihin motar a shafin intanet na Carfax ko AutoCheck, a kuma saka ta a Google, sau da yawa hotunan gwanjon Copart ko IAAI na fitowa, ka ga yadda take kafin fanalbita ya taɓa ta, da abin da mita ke nunawa a lokacin. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka wadda aka ce ta Kwatano ce a kai lambar takardarta ofishin kwastan a tantance an biya haraji kafin kuɗi su fita. Ta hannu kuma a karɓi takardar shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu, a ga mai motar ido da ido ko wakilinsa da hujja.

Malam Rewaya Panteka:
Hajiya ta taɓo gwanjo, to a kula da motocin ambaliya. Haɗari ana gyarawa, ruwa kuwa yana cin wayoyi a hankali har shekaru. A ɗaga kafet ta ƙarƙashin kujerar direba, a ja bel ɗin kujera har ƙarshe a duba sawun laka, a leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera da ramin but. Tsatsa a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa alama ce.

Sai fitilun dashbod. A murɗa makulli ba a tayar ba: fitilar inji, ABS, ta jakar iska da ta 4WD duk su kama. Wadda ba ta kama ba an cire ƙwanta ko an liƙe ta. Ta jakar iska ita kaɗai take mutuwa bayan daƙiƙa shida ko makamancin haka. In ta jira sai inji ya tashi ta mutu tare da fitilar mai a lokaci ɗaya, an haɗa wayarsu ne. A sa na'urar kwamfuta, kuma kada a tsaya kan "babu kod", wato lambar da ke nuna ciwo. A duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar mota ke yi wa kanta sun kammala. In da yawa ba su kammala ba, yanzu aka goge. A yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 a sake sawa. P0420 na nufin indomi ta mutu ko an fasa an kwashe, P0741 kuma giya ce ta fara ciwo. A RAV4, kod ɗin inji kaɗai na iya kunna fitilar VSC (na'urar hana sulɓi) da 4WD ya kashe fowil ɗin, don haka ganin su ukun tare ba lallai aksul ba ne.

A je ganin mota da sassafe, a taɓa inji a ji shi da sanyi. Ƙarar sarƙa da hayaƙin farko duk a tashin sanyi suke fitowa.

Ɗan Gwarzo:
In an saya, wane mai za a zuba? Makanikai da yawa 20W-50 suke cewa saboda zafin ƙasarmu, kuma su cire tamostat.

Injiniya Zazzau:
Duka biyun kuskure ne. Injinan nan da matsin mai suke juya tayimin, ta ƙananan ramuka da 'yar matata. Mai kauri na jinkirin isa sama a tashin safe, nan ne sarƙa da kan inji ke ci. 5W-30 na kirki ya wadatar a zafinmu, lita huɗu da 'yan kai har da filta, a canza duk kilomita 5,000 saboda ƙura. Tamostat kuma shi ke riƙe inji a zafin da aka tsara masa. In an cire, kwamfuta na ganin inji bai yi zafi ba ta riƙa ƙara fetur. Motar da aka tarar an cire mata tamostat an haɗa fanka kai tsaye, a tambayi dalilin, galibi ta taɓa yin zafi ne. A zuba ruwan lagireto na gaske, ruwan rijiya na cin alminiyam.

Oga Makanike:
Shi ya sa ba a kashe kuɗi duka a kan saye. A ware kashi ɗaya cikin biyar. Satin farko: man inji da filta, man giya ta hanyar zubarwa da cikawa ba wankin inji mai matsi ba, WS ga RAV4, DW-1 ga CR-V. Man ƙaramin akwati da na aksul a RAV4, kusan rabin lita kowanne, man giya GL-5. Kullum a fara kwance kusar cikawa kafin ta zubarwa, kada ka zubar ka tarar ta sama ta ƙi kwantuwa. In man ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, kuma duk bayan ratsa ruwa mai zurfi da damina a sake dubawa. A RAV4 a saurari gurnani daga baya da ke ƙaruwa da gudu, boris ɗin kuloc ɗin aksul ne, sananne ne a wannan yayin.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Abin da na fahimta: Rogue ta fita, za a nemi RAV4 2009 zuwa sama, in ba a samu mai lafiya ba a koma kan CR-V 2009 ɗin bayan gwajin zagaye da duba tsatsa. Tambaya ta ƙarshe, CR-V ɗin tayoyinta biyu na gaba sababbi ne, na baya sun ci rabi, kuma ba kamfani ɗaya ba. Akwai matsala?

Injiniya Zazzau:
Akwai. Tayar da ta ci ta fi sabuwa ƙanƙanta, don haka gaba da baya ba sa juyawa daidai, fowil ɗin na ɗaukar hakan kamar sulɓi, kuloc ɗin baya ya riƙa gugar kansa a kan kwalta yana zafi. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, 225/65R17 ne a yawancin CR-V da RAV4 na wannan yayi, kamfani ɗaya, kuma bambancin zurfin haƙori kada ya wuce milimita 2. A duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya: 2321 na nufin sati na 23 a 2021. Wadda ta haura shekara shida ba ta da aminci a zafin kwaltar Kano zuwa Zariya ko da haƙorinta na nan. A sa kuɗin taya huɗu cikin ciniki, a rage wa dillali. Kuma in ta lalace a hanya, kada a ɗaga gaba a ja ta tayoyin baya na ƙasa, a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka, ko a kwance farfela kafin a ja.